Amsa Kafin Lahadi

Clonvarra,
Oktoba, 2008.

Zuwa ga Mossie Scanlan, Kyaftin,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yarka Nuala da maigidanta da jikoki. Yaya ƙugun da aka ce an yi maka aiki? Yaya zaman Limerick da hayaniyarta? Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa dai bai ɗauke ba tun da aka shigar da ciyawa, gwiwoyina kuma suna sanar da ni zuwansa tun kafin rediyo ta faɗa.

Ka san ni ba mutumin takarda ba ne. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya Baba ya cire ni daga makaranta ya haɗa ni da shanu, saboda haka in ka ga rubutun yana hawa yana gangara, ka yi haƙuri ka karanta shi a haka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ta fi shekara hamsin tana cin raina. Har yau babu mutum ɗaya daga kulob ɗin Clonvarra da ya tako gidanmu ya gaya wa yayana Thady matsayinsa. Ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba. Na faɗa a mashayar Daly, na faɗa a ƙofar coci, na faɗa a gidajen makoki har matata Hanora, Allah ya ji ƙanta, takan taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Kowa sai ya ce Batt ya fara. To na fara, kuma ban gama ba.

Makon jiya na shiga sabon ginin da kulob ya yi, domin a can yanzu nas take auna wa tsofaffi jini. Bango guda sun cika shi da hotuna. Akwai naka har uku, ɗaya kana riƙe da almakashi kana yanke ƙyalle, tumbi ya riga ka gaba. Akwai hoton yaran da ko sanda ba su iya riƙewa ba sai da hular kwano a ka. Na bi bangon nan daga farko har ƙarshe da tabarau, ban ga Thady Culhane ba. Yarinyar da ke shara ta tambaye ni wa nake nema, na faɗa mata, ta ce ko shi ne mai gyaran famfo.

Bari in tuna maka, tunda na ga alama kowa ya manta. Yana ɗan shekara goma sha biyar kuka sa shi cikin manya a wasan hurling, wasanmu na ƙwallo da sanda, domin babu wanda ya iya karɓe masa ƙwallo in ya ɗora ta a kan sanda ya zura da gudu. Dama da hagu duk ɗaya ne a wurinsa. In ƙwallo ta fita gefe aka ba shi ya yanko ta daga ƙasa, mutane sukan fara tafi tun ba ta tashi ba. A ƙwallon ƙafa irin tamu kuwa, wadda ake kamawa da hannu, kai da bakinka ka ce in ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a sama, sai ka ga ƙusoshin takalminsa daidai hancinka. Gunduma ta ɗauke shi a wasannin biyu tun bai cika ashirin ba, abin da ba a taɓa yi wa wani ɗan Clonvarra ba, kuma ba a sake ba. Ka tuna Lahadin da ya buga wa gunduma hurling da rana, Fada Moran, limamin cocinmu, ya goya shi a babur da laka a jikinsa, ya kai shi filinmu ya buga mana ƙwallon ƙafa da yamma? Da safen ranar shi ya tatsi shanu goma sha biyu, domin ni na yanke yatsa. Ni ne mai ɗaukar sandunansa a kafaɗa, na san nauyin kowacce. Kai kuwa aikinka na mai tsaron baya shi ne ka ɗaga ƙwallo sama ka yi addu'a ta faɗo kusa da Thady. Ba zagi ba ne, kai ma ka sha faɗa.

Sai shekarar hamsin da bakwai, wasan ƙarshe na hurling da 'yan Castlerone. An fasa masa gira tun farkon wasa, aka ɗaure masa kai da tsumma ya koma. Ana gab da tashi suna gabanmu da maki biyu, ka ɗaga ƙwallon nan taka ta addu'a, ya kai mata duka tun tana sama, raga ta girgiza, maki uku ke nan a buga ɗaya. Kofin gunduma ya shigo Clonvarra karo na farko tun da aka kafa kulob. Aka hura wuta a mararraba, aka cika kofin da wuski da lemo, Baba da bai taɓa rawa ba ya yi rawa da matar Daly.

Ka san halin mutanenmu, wanda aka ci a fili sai ya koma nema a teburin taro. 'Yan Castlerone suka shigar da ƙorafi. Dokar gundumarmu a lokacin ta ce mutum yankin cocin da aka haife shi yake buga wa. Mamarmu kuwa, kamar kowace mace a zamanin, da cikinta na fari ya tsufa sai ta haye gadar rafi ta koma wurin uwarta a Tubberdoe, yankin wani cocin daban, ta haihu a can. Daga rumfar ciyawarmu ana hango hayaƙin gidan Kaka, iyakar nisan ke nan. Ko wata bai yi ba aka dawo da shi naɗe cikin mayafi, bai ƙara kwana a Tubberdoe ba har yau. Wannan ba asiri ba ne, duk yankin an sani, rabin 'ya'yan fari na gundumar nan haka aka haife su. Sai dai ba kowane ɗan fari ba ne yake girgiza raga ana gab da tashi. Suka yi hayar mota suka ɗauko tsohuwa Bid Lenihan, ungozoma, kurma, suka kai ta gaban hukumar wasanni ta gunduma. Ita baiwar Allah ta ɗauka yabonsa aka kira ta ta yi. Ta ce ai da hannunta ta karɓe shi a ɗakin Tubberdoe, kuma tun ranar ta san zai yi ƙwallo domin da shuri ya fito.

Ni fa, Mossie, da aka haifa a Clonvarra a kan gadon Baba, daidai gefen rafin da doka take so, ko ƙofar rumfa aka ce in buga da sanda sai na kuskure. Wannan abin ya daɗe yana ba ni dariya irin wadda ba ta da daɗi.

Hukuma ta ce a sake wasa Lahadi mai zuwa, ta ce Thady ɗan Tubberdoe ne. Amma ta bar ƙofa: kulob na iya ɗaukaka ƙara ya sa shi a wasan, sai dai in ƙarar ta faɗi, a dakatar da kulob gaba ɗaya shekara guda. Kwamitin kulob ya ce zai zauna. Kai ka zo tsakar gidanmu a kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa, ina tsaye da bokiti, na ji da kunnena. Ka ce, "Ka shafa wa takalmanka mai, Thady. Zan zo maka da amsa kafin Lahadi."

Ya shafa. Ranar Lahadi ya je addu'ar farko a coci, ya dawo ya fasa ɗanyen ƙwai biyu a madara ya shanye, domin ba ya cin komai bayan wannan in yana da wasa. Ya ɗauki sandunansa ya zauna a kan katangar bakin hanya yana jiran babbar motar madara da take kwasar 'yan wasa. Ni ina gefensa. Can muka ji ƙahonta daga nesa, da muryoyinku kuna waƙa. Sai ƙarar ta yi ta raguwa. Ta bi ta hanyar wurin fasa dutse, hanyar da ko jaki sai an lallashe shi yake binta, don kawai kada ta wuce ta ƙofarmu. Thady bai tashi daga kan katangar ba. Yana nan zaune har shanu suka fara kukan a tatse su. Castlerone ta lallasa ku, wannan kai ka fi ni sani.

Ban tono wannan don in ɓata maka rai ba. Tun bazara Thady yana gidan kula da tsofaffi da ke bayan asibitin gari, domin na kasa da shi ni kaɗai. Kansa ya rikice. Bai san Mama ta rasu ba, bai san an daina tatsa da hannu ba. Ya koma cikin wancan makon na hamsin da bakwai ya zauna, ya ƙi fitowa. Duk ranar da na shiga, kafin in cire hula, sai ya ce, "Batt, Mossie ya zo? Me kwamiti ya ce?"

Ni ban san me kwamiti ya ce ba. Kai kana wurin. Ka rubuto, ko ka sa Nuala ta kawo ka.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka tun na ƙuruciya,
Batt Culhane


Clonvarra,
Nuwamba, 2008.

Kyaftin,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina fata sanyin nan bai taɓa maka ƙugu ba. Nan an fara kunna wuta tun rana tsaka. Tim mai kawo wasiƙu ya gaji da ni, yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai ba sai ya tsaya ba. Na ce ko adireshin ne ba daidai ba, na je na tambayi ƙanwar matarka, ta ce daidai ne. To shi ke nan.

Tunda ba ka amsa ba, na sa kwat ɗina na coci na je wurin shugaban kulob na yanzu, Ultan Hayes, jikan Hayes maƙeri. Yaron kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba ni kujera, ya haɗa mini shayi da kansa, yana ta kirana Kawu Batt. Na kwashe labari na gaya masa tun daga gada har motar madara. Ya ce bai taɓa ji ba. A gidan kakansa fa aka yi zaman kwamitin, a ɗakin da yake ajiye injin wanki yanzu. Ya ce dokar nan an daɗe da sauya ta, yau da Thady zai buga wa Clonvarra babu mai cewa uffan. Na ce madalla, a aiko mota. Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya daina.

Na tambaye shi abu ɗaya. Na ce ranar da Allah ya ɗauki ran Thady, za a shimfiɗa rigar kulob a kan akwatinsa, 'yan wasa su jeru gefe biyu da sanduna daga ƙofar coci zuwa maƙabarta, kamar yadda aka yi wa kowa, har Jimeen Roche da bai taɓa buga wasa ba sai ɗaukar ruwa? Ya sosa ƙeya ya ce wannan al'ada ta 'yan kulob ce, shi kuma bai san matsayin Thady ba, zai kai maganar gaban kwamiti, za su zo mini da amsa. Mossie, da na ji kalmar nan sai da na riƙe tebur.

Ka san abin da ya biyo bayan wancan Lahadin, amma ban tabbata ka taɓa zama ka auna shi ba. 'Yan Tubberdoe sun zo har gida sau da yawa, suka ce tunda doka ta ba su shi, ga riga. Ya ce shi ba zai tsaya a fili yana fuskantar koriyar rigar Clonvarra ba ko za a yanka shi. Wanda ba shi da kulob kuwa gunduma ba ta ɗaukarsa. Ke nan yana ɗan shekara ashirin da uku, lokacin da ƙarfinsa yake kan ganiya, wasanni biyu suka fita daga hannunsa rana ɗaya. Ya jira ku duk damunar nan da ta bayanta. In kun haɗu a ƙofar coci sai ku yi maganar farashin maruƙa. Daga baya ya tafi Coventry ta Ingila yana haƙa ramuka, ya ɗan buga wa 'yan ci-ranin can a filin da ba shi da ciyawa, ya ce mini kamar mutum ya yi rawa da tsintsiya ne. Da Baba ya rasu ya dawo. Bai yi aure ba, bai ƙara taka filinku ba. Amma duk Lahadin da ake wasa sai ya sami wani shinge da yake bukatar gyara a gonar da ke kusa da filin. Daga ihun mutane yake gane wa ya ci, kuma bai taɓa kuskure ba.

Kwanan baya wasu dattawa biyu daga Tubberdoe suka ji halin da yake ciki, suka zo duba shi da rigarsu ja a cikin leda. Da kyakkyawar niyya suka zo, na sani. Suka ce in Clonvarra ba ta so, su suna so, za su yi masa jerin sanduna har bakin kabari. Yana ganin jan nan ya ɗauka sun zo tafiya da shi ne. Ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, ya watsa wa ɗaya shayi a wando, yana kiran sunanka. Sai da nas biyu suka taru a kansa. Na raka mutanen har mota ina ba su haƙuri, abin da ban taɓa zaton zan yi wa ɗan Tubberdoe ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ya daina cin abinci. A ganinsa kullum safiyar wasa ce. In aka kawo masa dankali da kabeji sai ya ture, ya ce so ake ya yi nauyi a fili. Ƙwai biyu a madara kawai yake nema, su kuma ba sa ba da ɗanyen ƙwai, dokar gidan ta hana. Sai in ɓoye su a aljihun kwat in shigo da su. Ɗaya ya fashe mini ranar Talata a cikin bas. Mutumin da yake ɗaga buhun taki da hannu ɗaya, yau agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu.

Akwai wata nas, Marites, 'yar ƙasar Filifin, mai haƙuri ƙwarai. Ita ta ja ni gefe ta ce, Baba, ka gaya masa abin da yake so ya ji mana, ka ce an ce zai buga, ko ka ce an ɗage wasan, hankalinsa ya kwanta ya ci abinci. Na ce ni ban saba ƙarya ba. Ta ce wannan magani ne. Na kwana biyu ina juya abin. Ranar Alhamis na shiga, ya yi tambayarsa, na daure na ce kwamiti ya zauna, an ce da kai za a buga, amma sai wani makon, ka ci abincinka. Ya dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da yake mini in na kawo masa sandar da ba ita ya ce ba. Ya ce, "Kai wane ne a kwamiti, Batt? Kai da ko ƙofar rumfa ba ka iya samu. Mossie ya ce shi zai zo."

Ka gani? Ya manta sunan Mama, bai manta wannan ba. Fada na yanzu ya gwada, likita ya gwada, Ultan ma ya leƙo ya gwada, Thady ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya ce ya je ya kira babansa. Daga bakin kyaftin kawai zai karɓa. Duk waɗanda suka hau motar nan sun mutu, saura kai.

Ba na neman kofi, ba na neman lambar yabo. Da ina nema, yanzu na bari. Bas yana tasowa daga Limerick kullum, in ƙugun ne, akwai kujera mai taya a ƙofar gidan, ni zan tura ka.

Ka gaida Nuala, ka ce ina roƙonta. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Batt


Clonvarra,
Disamba, 2008.

Mossie,

Ina gaisuwa. Da sai in tambayi lafiyarka kamar yadda aka saba, amma na ga lafiyarka a jaridar gunduma, shafi na baya. Ga ka nan a liyafar kulob ta ƙarshen shekara, a otal ɗin gari, da taye, kana miƙa wa wani yaro kofi. Ka yi kyau, ƙugun ma da alama ya warke. Daga ƙofar otal ɗin nan in mutum ya tsaya yana hango rufin gidan da Thady yake kwance. Na tsaya na duba don kada in zalunce ka.

Nuala ta buga mini waya, na gode mata. Ta ce takarduna sun iso, ka karanta, har ka sake karantawa. Ta ce ranar ba ka ci abincin dare ba, ka ce mata abin da ya wuce a bar shi ya kwanta, kuma ba ka san da wane ido za ka dube shi ba. Na ce mata ta gaya maka kada ka damu da ido, ba zai ga tsohon da ya tsufa da abu a ransa ba. Yaro zai gani a kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa. A wurinsa ba ka makara ba tukuna, Lahadi ba ta yi ba. Ban san wani mutum a duniya da aka taɓa ba irin wannan dama ba.

Ban ce kai ka yanke hukunci ba. Kana ɗan shekara ashirin da biyar, ga Fada, ga Hayes maƙeri, ga malamin makaranta, na san ba a jin muryar yaro a irin wannan zama. Wataƙila ma sun yi daidai. In aka dakatar da kulob shekara guda, rabin samarin da jirgin ruwan Ingila ya kwashe su, Clonvarra ba ta ƙara tara mutum goma sha biyar ba. Na daɗe da sanin haka, ko da yake ban taɓa faɗa a mashayar Daly ba. Da ka zo ranar Asabar ka ce, Thady, ba da kai ba, da ya zage ka, ya zagi kwamiti har kakanninsu, wataƙila ya fasa maka hanci. Washegari kuma da ya hau motar nan ya riƙe muku riguna a gefen fili. Na san yayana. Hanyar dutsen ce ta kashe shi.

Sanyi ya shiga ƙirjinsa makon jiya. Fada ya zo ya shafa masa man addu'a na masu jinya, shi kuwa ya ɗauka man shafa ƙafa ne kafin wasa, ya miƙa masa ƙwauri. Likita ya ce in zai ci abinci akwai sauran fata, in ba zai ci ba, kada in sa rai da sabuwar shekara. Sun so su sa masa roba ta hanci, ya fizge. Ƙwan ma yanzu sai ya kurɓi rabi ya ajiye. Ya sa na kawo masa takalmansa na wasa daga saman kabad, fatar ta bushe ta yi ƙarfi kamar itace. Suna ƙarƙashin gado, Marites tana share gefensu ba ta taɓa su. Ya roƙi a juya masa gado ya fuskanci taga, domin daga nan ana ganin hanya. In babbar mota ta wuce sai ya ɗaga kai.

Kwamitin Ultan ya zauna, an ce maganar riga an ɗage ta zuwa zaman Janairu domin ba su cika ba. Ban ƙara zuwa wurinsu ba. Rigar da za a shimfiɗa wa gawa, gawa ba ta san an yi ba. Wanda yake da rai nake ji.

Ni na gaji, Mossie. Shekarata saba'in da biyu, bas biyu nake hawa kafin in kai wurinsa, in dawo gidan da babu kowa sai kare. Na yi faɗa da kowa a kan maganar nan tun ina da baƙin gashi, ban iya sa ko mutum ɗaya ya taka tsakar gidanmu ba. Jiya ya kama hannuna, ƙarfinsa bai fi na jariri ba, ya ce, "Ko dai ya manta hanyar gidan ne, Batt? Ka fita ka tsaya a bakin titi ya gan ka." Na fita na tsaya. Me zan yi? Na tsaya har aka kunna fitilun asibiti, na koma na ce masa bai iso ba tukuna.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba yanzu, na gama roƙo. Ka zo ka ba shi amsarsa. In e ce, ka ce e. In a'a ce, ka ce a'a, ya zage ka, ya ture takalman, ya ce a kawo masa dankali. Ko wacce ka kawo zan karɓa da hannu biyu. In kuma ba za ka zo ba, ka rubuta mini da hannunka ka ce ba za ka zo ba, in san ni ma an taɓa amsa mini sau ɗaya.

Ranar Lahadi bas ɗin Limerick yana tsayawa a gaban asibiti bayan an fito coci. Za ka same ni zaune a kan katangar ƙofar gidan tsofaffin da sandunansa. Na bincika, hanya ɗaya ce take zuwa wurin, babu ta dutse.

Ka amsa mini, Kyaftin.

Batt Culhane,
ƙanin Thady, ɗan Clonvarra